Littafin Masu Tuta

Daren Laraba na buɗe littafin,
mai shuɗin bango, wanda baƙin mai ya ci gefensa.
Bara sunaye ashirin da uku.
Bana tara, na taran ma da shakka,
don Fusaini ya ce "in Allah ya so"
da irin muryar nan ta kada ka jira ni.

Lahadi ne tseren, a jan filin bayan Suwame
inda tifa ke juye ƙasa sauran ranakun mako.
Babura sha takwas, tsofaffin motoci shida
da masu su suka harhaɗa da hannunsu.
Direba ba ya wuya a Kumasi.
Yi gyaran murya a Magazin,
ashirin za su rarrafo daga ƙarƙashin mota.
Mai wuyar samu shi ne wanda zai tsaya a kwana ta huɗu
riƙe da rawayar tuta, daga hantsi har la'asar,
babu sidi ko ɗaya,
sai ƙunshin wake da shinkafa a ganye
da riga mai tambarin dillalin taya.

Shekara uku Mumuni ya yi mini a wannan kwana.
Da kunne yake gane babur ɗin da zai zame.
Bara ɗaya ya kife, ya danne wani yaron Asawase,
Mumuni ya ɗaga shi da tafin hannu,
salansa na huci kamar garwashi,
fata ta bi ƙarfe.
Da yamma na riƙe lasifika,
na kira na ɗaya, na biyu, na uku,
na gode wa dillalin taya, na gode wa mai ruwan leda,
na naɗe waya.
Shi kuwa ya shiga tirotiro da kuɗin aljihunsa,
hannu ɗaure da tsumma.
Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Sai na shiga gari neman mutane.
A ƙofar masallacin Aboabo, bayan isha'i,
samari suka tambayi nawa ake biya,
na faɗa, suka yi dariya har da tafawa.
Sahura mai koko ce ta ajiye ludayi:
"Mutum tamanin ke cin bashina, ban taɓa rubutawa ba.
Zagayen babur ne zai gagare ni ƙirgawa?"
Na ba ta agogo.
Kwadwo, yaron mai walda, abu ɗaya ya roƙa,
a bar shi ya leƙa cikin injin wanda ya ci.
Na ce har sitiyari za ka riƙe.
Malam Ɗanlami, da ya bar aikin asibiti,
ya ce zai zo da akwatinsa, muddin akwai inuwa.

Inuwa.
Shekara bakwai ina shirya tsere,
ban taɓa tsayawa awa ɗaya a kwana ta huɗu ba.
Jiya na je na tsaya.
Kafin azahar takalmina ya soma ɗanko.

Na ari laima biyar a wurin matan Kejetiya.
Na ware kuɗin mota a ambulan, kowa da sunansa.
Na sake tsara takardar sanarwa:
masu tuta a sama, masu kofi a ƙasa.

Yau Asabar. Ga ni a bakin shagon Mumuni,
yana kwance taya, bai ɗago ba.
Tabon ya yi fari, ya ja yatsu biyu sun lanƙwashe.
Ban zo da littafin ba.
Na ce na zo gaisuwar da na makara da ita shekara guda.
Ya daɗe yana murɗa noti.
Can ya ce, "Wa ka sa a huɗu?"
Na ce ni.
Ya kalli ƙafata, ya kalli tumbina,
ya ce, "Kada ka tsaya ta wajen kwana, nan suke faɗowa.
Tsaya bayan tulin taya."
Ya koma kan aikinsa.
Ban tambaye shi gobe ba.